Man Inna a Cikin Fon

Direbobin yanzu ba su san wahalar mai ba. Mutum ya tsaya gareji, a jera masa gwangwanaye, wannan na giyar da ke sauya kanta, wancan na ƙafafun baya, ya tsaya yana yatsina kamar mai zaɓen atamfa. In na gani raina ɓaci yake yi, ba kuwa don ya yi mini laifi ba. A zamanin Nasara, lokacin da nake tuƙa kamyon, wato babbar motar kaya, na wani attajirin Magarya ina kwaso masa gyaɗa daga ƙauyuka, mai uku muka sani. Na inji mai tsinkewa, na giya mai ɗan kauri, sai na fon, wato tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya. Shi man fon baƙi ne ƙirin, ga kauri, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai. Daga Kano yake zuwa, kuma bayan yaƙin Turawa sai a daɗe ba a ga ƙwayar idonsa ba.

Wata shekara, ƙarshen kakar gyaɗa, fon ɗinmu ya soma yoyo. Na gaya wa maigidana, ya ce in zuba na inji. Na ce na inji ruwa ne, kafin mu kai Dungas ya tsiyaye. Ya ce to in yi abin da tsofaffin direbobi suka yi lokacin yaƙi, in haɗa man gyaɗa da man kaɗe in ɗura. Shi a wurinsa mai mai ne. Na yi gunaguni, amma motar tasa ce.

Hanya ta biyo da ni Waca, garinmu, na tsaya neman man. Inna sana'arta ke nan, tuyar ƙuli-ƙuli da matsar mai. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama inda nake zaune, in na gaishe ta bango take amsa wa. Ranar na tarar ta rame, tana tari mai ja daga ƙirji. Na shaida wa ƙanwata abin da ya kawo ni, da ƙarfi yadda Inna za ta ji daga ɗaki. Sai can na ji turmi. Da ciwon nan ta tashi ta matse mai sabo, ta hana a ba ni na sayarwa, ta narka man kaɗe ta haɗa da hannunta.

Da za a miƙo mini tulun man, Inna ta ce wa ƙanwata, tana duban ƙasa, "Ki ce wa wancan, in sun gama kwasar, a zo a ɗauke ni a gaban motar, ko zuwa bakin kasuwa ne. In ji yadda take."

A rayuwata ban taɓa jin ta roƙe ni wani abu ba sai ranar. Na ce wa ƙanwata, "Ki ce mata kafin ruwan fari."

Man ya kai mu Dungas lafiya, ya kai mu Dogo-Dogo. A hanyar dawowa, da lodi har sama, cikin rairayin nan mai cin taya, na soma jin ƙamshin tuya yana shigowa ta taga. Wallahi har yawuna ya tsinke kafin hankalina ya ba ni. Sai kuka daga baya, sai ƙara ɗaya, mota ta tsaya cik. Na taɓa fon, wuta. Haƙoran ciki sun zube.

Maigida ya zo a kan doki, ya zagaya motar yana salati, ya sa raƙuma suka kwashe gyaɗarsa. Ya ce zai nemo ƙarfe a Damagaram ko Kano, in zauna kada a kwance masa tayoyi. Wancan zamani direba ba ya barin motarsa a daji. In ka bar ta, ka bar tuƙi ke nan, babu mai sake ba ka amana.

Na zauna. Bazara ta shigo, inuwar da ke wurin duk ta ƙarƙashin mota ce, ita ma da awakin wata ruga muke rabawa. Tururuwa suka gano man da ke ɗiga daga fon, suka yi hanya tun daga gindin wata aduwa, kullum suna kai da kawowa. Kallonsu ya zama aikina. Matan Fulani kan kawo fura su tafi, hirarmu ba ta wuce gaisuwa. Wani lokaci sai in hau in riƙe sitiyari, in danna ham don kawai in ji wani abu ya amsa mini. Kaɗaici ya ci ni har na soma yi wa motar faɗa, ina zaginta, ina zagin mai ita.

Waca ba ta fi tafiyar kwana biyu da ƙafa ba, kuma fatake na wucewa ranar kasuwa. Da na so da na aika. Amma me zan ce? A gaya wa Inna man da ta tashi da ciwo ta matsa shi ya kashe motar? Duk wanda ya tambaye ni sai in ce daga Magarya nake, kada labari ya kai mata. Kullum da safe ina duban gabas, ina roƙon Allah ya jinkirta hadari.

Ruwan fari ya sauka ina ƙarƙashin mota. An yi shuka, gero ya fito, sannan maigida ya iso da makaniki, da ƙarfe, da gwangwanin man fon na gaskiya mai warin nan. Da aka ɗaura, ban nemi izinin kowa ba na juya kan mota Waca. A hanya na tsaya na share kujerar gaba, na shimfiɗa mata bargona.

Ƙanwata ce ta fito da ta ji ham. Tun daga yadda ta tsaya a ƙofar zaure na gane. An yi sadakar bakwai tun kafin shuka.

Na ce, "Me ya hana ku aika Magarya a neme ni?"

Ta ce, "Yaya, na ce za ni aika, ta hana. Ta ce ita ba ta kiran ɗan fari, kuma kada a tsayar da mutum yana kan aikinsa." Ta share ido da bakin zane. "Amma duk wadda ta zo dubiya sai ta gaya mata, kamyon nan na mutanen Magarya da man da ta matsa yake tafiya. In ta ji ƙugin mota daga nesa sai ta ce mu yi shiru."

Ban gaya mata inda na yi bazara ba. Na koma na zauna a mota, yara sun kewaye ta suna shafa fitilu. Bargon na nan a shimfiɗe. Sai da la'asar ta yi sannan na iya naɗe shi.