Ƙarfen da Na Mayar Wuta

Ko da zan manta sunana, ba zan manta ranar da muka jingine ƙarfe a cikin Gulbi muka yi ta harbinsa ba, da abin da hannuna ya aikata bayan nan. Shekarar fari ce, soja ke mulki, gonaki sun ƙone, mutanen ƙauye sun cika Maradi da ƙorai babu komai a ciki. Ni maƙeri ne a Sabon Gari, amma wa zai sayi fartanya alhali ƙasa ta ƙi? Gidanmu kaf ƙanena ke riƙe da shi, shi da yake tuƙa kamiyon wani Alhaji, babbar motar kaya, yana kai hatsi arewa.

Sai aka fara tare hanya. Aka harbe wani direba abokinsa a ƙirji saboda buhunan dawa. Inna ta daina cin abinci. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, sai ta leƙo maƙera ta ce, "Kai wannan, ƙarhe na jin maganarka. Ba ka yi ma ƙanenka abin da za shi tare mashi gaba?"

Na samo guntun bakin katafila da aka yar a Jiratawa tun lokacin aikin fadamar noman rani. Ƙarfe ne mai taurin kai, kwana huɗu ina yankansa. Na fidda allo guda daidai faɗin ƙirji. Ni kuwa a lokacin ina da girman kai, ban yarda da laya ko guru ba, na ce nawa maganin bindigar sai an gwada shi ido na ganin ido.

Wani tsohon maharbi na Tibiri ya zo da bindigar toka da ta farauta mai kartush. Wani sarjan da muka tashi unguwa ɗaya ya yarda ya zo da tasa ta soja, bayan na yi ta roƙo, don in aka ji labari kakinsa ne zai tafi. Muka gangara cikin Gulbi da hantsi, babu ruwa ko na alwala, sai yashi. Muka jingina allon a jikin buhun ƙasa, muka sa masa tsohuwar riga.

Tsohon ya fara da ta toka. Hayaƙi ya tashi, muka ruga, ko tabo babu. Ya sa kartush, sai ɗigo-ɗigo kamar zanzana. Ƙanena ya yi tsalle yana dariya. Sarjan bai yi dariya ba. Ya ce, "Waɗannan wasan yara na. Ku matsa." Ya durƙusa, ya auna, ya saki. Ƙarar ta sa kunnena ya toshe. Da muka isa, harsashin ya lotsa ƙarfen kaɗan ya tarwatse, buhun bai zubar da ƙasa ko ƙwaya ba. Sarjan ya shafa wurin da yatsa ya ce, "Wallai ya riƙe. Amma kar ka sake kirana, ba ni ƙara wannan kasada." Ranar nan na koma gida ina jin babu maƙeri kamata a ƙasar Katsinar Maradi duka.

Aka ɗinke allon cikin fata, ƙanena ya rataya ya yi tafiya guda. Ya dawo da ƙirji duk ya saɓule, don ƙarfen miƙaƙƙe ne, gefensa na cin haƙarƙari in mota ta faɗa rami. Ya ce, "Yaya, abin nan shina kashe ni tun ɓarayi ba su zo ba. Ka ɗan lanƙwasa shi mana." Na sa guduma a sanyi, ya ƙi. Sai na hura wuta na tura shi ciki har ya yi ja, na lanƙwasa shi ya kwanta daidai jikinsa.

A nan ne zuciyata ke tsayawa har yau. Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, na san ƙarfen da ya shiga wuta ba shi ne ke fitowa ba. Na tsoma shi a ruwa, na ƙwanƙwasa, na ji amonsa ya sake. Na ji da kunnena. Amma sarjan ya ce ba ya ƙarawa, tafiya kuma gobe ce, ga Inna ta fara cin tuwo. Da ƙanena ya tambaye ni, "Shina nan yadda shike?" sai na ce, "Yo ba gaban idonka anka gwada shi ba?"

Kwana shida bayan nan aka kawo shi kwance a bayan wata mota. Direbobin da suke ayari ɗaya suka ba ni labari. Da aka tare su, kowa ya kwanta rubda ciki, aka kwashi hatsi, babu wanda aka taɓa. Shi kaɗai ya sauko ya tsaya a gaban motarsa, yana bugun ƙirji yana cewa ba mai ɗaukar buhu ko ɗaya. Yaron da tun yana ƙarami ko karen maƙwabta tsoro yake ji. Ni na cire masa tsoron, na rataya masa ƙarfe a madadinsa.

Suka miƙo mini allon. Ga tsohon lotsin Gulbi, ga huda sabuwa kusa da shi, ƙaramin yatsana ya shige. Inna ta karɓa ta juya shi, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kai wannan, ba ka ce an gwada ba?" Har ta koma ga Allah ba ta sake tambaya ba.

Mutane sun yi ta cewa kwana ne ya ƙare, na kuma yarda, amma wannan bai taɓa sa na ji sauƙi ba. Abin da na koya, na koye shi a makare: in ka san abu ya sake a hannunka, ka faɗa, ko da zai hana uwa cin tuwo. Da na ce masa ban tabbata ba, da ya kwanta a ƙasa kamar kowa, da ya dawo gida da kunyarsa da ransa.