Kilishin da Alhaji Ya Kulle

Har yau raina yana ɓaci in na tuna ranar da muka buɗe ɗakin ajiyar Alhaji Sale. Watan Afrilun 1998 ne, ina tafinta a kamfaninsa na aika kaya, kusa da tsohon filin jirgin Baiyun a Guangzhou. Aikinmu mu karɓo dilolin wandunan jins daga garin Xintang, a auna, a ɗaure, a loda. Masu lodin 'yan zangon Kumasi ne da 'yan Maraɗi, kuma ciyar da su na wuyan kamfani, domin naman halal wuya yake yi a lokacin. Ka tambayi mai shago, ya kaɗa hannu ya ce "meiyo", wato babu.

Duk ɗan kasuwar da ya zo daga gida sai ya riƙo wa ma'aikata tsaraba: kilishi, daddawa, kuka, garin kunu. Alhaji ya karɓe ya kulle, wai sai azumi. Su kuwa farar shinkafa da kabeji, safe da yamma.

Ana nan Seidu, dattijon masu lodin, ya yi jinya, ya tashi ba ya iya haɗiye shinkafar. Alhaji ya ce in bai koma aiki ba zai sallame shi, ga mutum da iyali a Kumasi. Na je na roƙa a ba shi garin kunu da kuka ko ƙarfinsa ya dawo. Alhaji ya yi dariya, ya ce halin Banu Isra'ila ke nan: ana saukar musu da mannu da salwa a jeji, suna kukan albasa da tafarnuwa.

Na ce, "Alhaji, ƙarasa ƙissar mana. Salwar nan tsuntsu ne, nama suke ci kullum. Kuma na yini ɗaya aka ce su ɗiba. Wanda ya ɓoye, abin ruɓewa yake yi."

Ya ce, "Malam Habu, tafinta na ɗauka, ba mai tafsiri ba."

Na gaya masa na zauna a Abijan da Bombay, na ga yadda raɓar bakin teku ke cin kaya, nan ba Kano ba ce. Ya soke makullinsa a aljihu.

Aka sallami Seidu ya tafi, wandonsa ɗaure da igiyar dila saboda rama. Ba a jima ba lokacin raɓa ya shigo, lokacin da bangon gidajen Guangzhou ke zufa. Wari ya kori kowa daga sito, dole aka buɗe ɗakin ajiyar. Kilishin ya yi furfura, garin ya dunƙule ya yi kore, tsutsa na yawo a daddawa. Waɗanda aka hana, su aka sa suka kwashe zuwa shara.

Abin da na koya a sana'ar nan: ana biyan kuɗi a rufe dilar jins da leda don kada ta jiƙe, amma mai ɗaukarta ba a tambayar me ya ci. Da na buɗe nawa ofishin, ɗakin abinci ban sa masa ƙofa ba.