Minti Goman Inna Bula

A duk tarihin garinmu, mutum ɗaya ne ya taɓa kawo ƙarshen muhawarar zubar da ciki, wato Inna Bula, mai wankin asibiti. Gaskiya ne muhawarar ta ci gaba bayan sati biyu, a wani zauren, da lasifikoki masu ƙarar da ta fi ta farko. Amma wata Laraba, daga ƙarfe sha ɗaya har zuwa yamma, ta tsaya cak, kuma Inna ce ta tsayar da ita.

Shekara talatin da huɗu Inna ta yi a ɗakin wanki, can bayan asibiti, tsakanin kicin da rumfar janareto. Ɗakin yana da baho uku manya, da injin wanki ɗaya da yake aiki ranar da ya ga dama, da igiyoyin shanya goma sha biyu a fili. Sunan Inna Bula ya samo asali ne daga yatsunta, waɗanda bular wanki ta rina har suka daina komawa yadda suke. Ta fara aikin tana da shekara sha tara. Ranar farko aka tura mata zannuwan ɗakin haihuwa, saboda sauran masu wankin ba sa so, ita kuma ta riƙe su har yau.

Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma duk sabuwar ma'aikaciya sai ta ji ta kafin ta ji inda bayan gida yake: jini da ruwan sanyi ake fara shi. Wanda ya yi gaggawa ya zuba ruwan zafi, tabon ya zauna ke nan har zanen ya yage. Bayan wannan, tana da wani ilimi da ba a ba da takardar shaidarsa. Takan ɗaga zane ta duba, ta ce, "Wannan haihuwar fari ce." Ta ɗaga wani, ta ce, "Wannan ɓari ne, baiwar Allah." Wani kuma sai ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Wannan ta biya wani wuri kafin a kawo ta nan," sai ta ƙara sabulu. Ba a taɓa kama ta da kuskure ba, ko da yake ba wanda ya taɓa zuwa ya bincika.

'Ya'yanta biyar. Ta ƙarshen, wadda kowa ke kira Auta, tela ce, tana da shago a bakin titi. Sau biyu aka yi wa Auta aiki wajen haihuwa, kuma a na biyun ta zubar da jinin da ya firgita kowa. Da ciki na uku ya shiga ba shiri, likita ya duba hoto ya zaunar da ita. Ya ce mabiyiya ta zauna a kan tsohon ɗinki, kuma ranar haihuwa jini zai iya ɓallewa fiye da na baya. Ya ce doka ta yarda a cire cikin tun yana ƙarami, shawara kuma tata ce. Auta ta ce a ba ta sati ɗaya.

A cikin satin ne ta tambayi uwarta, tana taka keken ɗinki ba ta ɗago kai ba.

"Inna, ke me kika ce?"

"Ni 'yata nake so."

"To ni ma tawa nake so."

"Wa ya ce miki mace ce?"

"Maza biyu sun ishe ni fasa kofuna."

"Taurin kan ubanki kika kwaso."

"Shi kuwa kafin ya rasu cewa ya yi naki ne."

Inna ta koma wurin aiki, ta shiga tsakanin igiya ta shida da ta bakwai, inda zannuwa ke rufe mutum, ta yi kukanta ta gama. Daga nan ta share fuska ta tambayi likita abin da ake bukata.

Da lokacin haihuwa ya matso aka sa ranar aiki, likita ya ce ba zai taɓa wuƙa ba sai ya ga leda biyu ta jini a ajiye. A nan matsalar take. Jinin Auta irin wanda ba a cika samu ba ne, a mutum ɗari da kyar a samu uku. Sista, mai kula da ɗakin jini, ta yi ta buga waya har ta samo leda ɗaya daga wani gari. Saura ɗaya. Aka gwada yayyen Auta huɗu, ba wanda ya dace. Aka gwada mijinta, malamin lissafi ne a sakandare, ya ga allura ya sulale ƙasa. Da ya farfaɗo, don ya rama mutuncinsa, ya ciro biro ya yi lissafi a bayan takardar magani.

"Inna, in ana son hankali ya kwanta, sai an gwada kamar mutum ɗari."

"To, Malam, ina ake samun mutum ɗari zaune wuri ɗaya ba su da aikin yi?"

Malam ya mayar da bironsa aljihu. Majalisa ce ta ba da amsar. A lokacin an kai ƙudurin hana zubar da ciki gaba ɗaya, aka turo kwamiti ya zagaya garuruwa ya ji ra'ayin jama'a, kuma aka sa ranar garinmu Laraba, kwana biyar kafin aikin Auta.

Labarin Auta ya riga ya zaga gari, domin shagon tela ba shi da ƙofa ta sirri. Wadda ta fara zuwa ɗakin wanki ita ce jagorar masu son a hana, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, wadda har yanzu ake kira Shugaba. Ta shigo tana ɗage bakin zanenta daga ruwan kumfa.

"Inna, 'yarki jaruma ce. An ce ta cire, ta ƙi. Ki zo ki faɗa wa kwamiti. Za mu ba ki minti biyar daga lokacinmu."

"Mutum nawa za ku kawo?"

"Sama da ɗari."

"Zan zo. Ki ce musu su karya da kyau kafin su fito."

Washegari sai ga jagorar masu son a bar doka yadda take, wata matashiyar lauya mai tafiya da sauri.

"Inna, an tambayi 'yarki, ita ta zaɓa da kanta. Abin da muke nema wa kowace mace ke nan. Minti biyar kawai."

"Ke ba 'yar mai kantin magani ba ce? Ni na wanke zanen da aka haife ki a kai. Ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya, Inna."

"Zan zo. Ki ce wa mutanenki kada kowa ya fito da yunwa."

Kowacce ta tafi tana yaba tausayin tsohuwa. Auta kaɗai ta tsuke fuska da ta ji.

"Inna, cikina za ki kai gaban lasifika?"

"Cikinki ya riga ni zuwa. Ni jini zan je nema. In kin ce kada in je, na fasa."

Auta ta ciji zare ta tsinke shi, ta ce, "Ki sa rigar da na ɗinka miki, kada ki je da ta aiki."

Ranar Laraba zauren gari ya cika. Kujerun roba a dama, kujerun roba a hagu, da hanya a tsakiya wadda ba mai tsallakawa. Kowane ɓangare da kwalayensa masu manyan haruffa. Shugaban kwamiti yana kan dandamali da ƙararrawa a gabansa. Mutum shida suka yi magana, kuma kowannensu ya gamsar da waɗanda suka zo tare da shi. Sai magatakarda ya kira Inna Bula daga jerin dama, ya sake dubawa ya gan ta a jerin hagu, ya ce lallai an yi kuskure.

"Ba kuskure, ɗana," in ji Inna. "Haɗa min su, goma ke nan."

Ta riƙe makirufo nesa da jikinta, kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Ni ban yi makaranta ba, zane nake wankewa. Na wanke na matar da ta yi shekara goma tana neman ciki, ya zo ya zube a wata na biyar. Ranar na ce duk wanda ya san zafin wannan ba zai yi wasa da ciki ba."

Dama ta ɗauki tafi.

"Na kuma wanke na yarinyar da tsoro ya kai ta bayan wani shago, wurin wanda ba likita ba, aka kawo ta a bayan mota. Ranar na ce da ƙofar asibiti ta fara bugawa, da yanzu tana gidansu."

Hagu ta ɗauki tafi.

Shugaban kwamiti ya sunkuyo. "Inna, kwamiti yana son ya rubuta. A hana ko a bari?"

"Ranka ya daɗe, ina da sauran minti bakwai."

Ta juya ga jama'a. "Waɗanda na wanke zanensu ba su koma gida ba, da yawansu jini aka nema aka rasa. Ku na nan kun ce jariri kuke so ya rayu. Ku na can kun ce uwa kuke so ta rayu. To ga su nan su biyu a jiki ɗaya, tana shago tana ɗinki, Litinin za a yi mata aiki, kuma leda ɗaya ta jini muke nema. Sista tana waje ƙarƙashin rumfa da gado huɗu da allurai. Na ce ku karya da kyau, ina fata kun karya. Sauran mintina na bar muku, ku yi layi da su."

Ta ajiye makirufo.

Shugaba ce ta fara miƙewa. Ta naɗe hannun riga ta nufi ƙofa, ta waiwaya ta yi wa mutanenta irin kallon da ta yi shekara talatin tana yi wa masu makara. Suka tashi gaba ɗaya. Lauya ta cire kwat ta jefa kan kujera, ta ce, "Wallahi ba za su riga mu ba!" Kafin minti biyar layi biyu sun miƙe daga rumfa har bakin titi.

Sista ta auna Shugaba ta ce shekarunta sun wuce, jininta kuma ya hau. Shugaba ta ce wannan ra'ayin Sista ne. Da aka ƙi ta, sai ta naɗa kanta mai kula da layi, na dama da na hagu duka, kuma ba wanda ya yi gardama.

Muhawarar ba ta mutu gaba ɗaya ba, ta dai sauya salo.

"Masu son rai, ya na ga kuna ja da baya?"

"Takalmi nake gyarawa, 'yar'uwa!"

"Ku da kuka ce jiki naku ne, to ga allura nan, a nuna mana!"

"Mun ba da sha bakwai, ku nawa?"

Wani ƙaton mutum da ya yi jawabi mai zafi a kan jarumta ya kwanta a gado, ya ga jininsa na tafiya cikin roba, idonsa ya juye. Matan ɗaya ɓangaren ne suka yi masa fifita da kwalinsu, ya farfaɗo ya karanta abin da ke jiki, ya sake rufe ido. Duk wanda ya gama ana miƙa masa lemo da biskit, ya zauna a inuwa kusa da wanda ya samu, tunda inuwar ɗaya ce. Shugaban kwamiti ya kaɗa ƙararrawa sau uku ga kujeru, ya ɗage zama, ya fito ya shiga layi. Da aka tambaye shi wane layi yake, ya ce shi na tsakiya ne. Sau biyu Sista tana aikawa a ƙaro leda. Da yamma ta ƙirga tamanin da tara, ta ce tunda ta fara aiki ba ta taɓa ganin firjin ya cika ba.

A hanyar gida Malam ya tambayi surukarsa, cikin ladabi, ko ita tana da ra'ayi a kan dokar.

"Ina da shi mana. Da safe ɗaya, da rana wani. Ya danganta da zanen da ke hannuna."

Washegari Sista ta leƙo ɗakin wanki ta ɗaga yatsa ɗaya. An samu.

Ranar Litinin aka shiga da Auta ƙarfe tara na safe. Jinin ya ɓalle kamar yadda likita ya faɗa, aka ƙara mata leda ta farko, aka ƙara ta biyu, sannan ya tsaya. Ƙarfe ɗaya saura aka fito da jaririya mai ƙarar murya, bayanta aka turo uwar, ta buɗe ido ta tambaya ko an rufe shago. Inna Bula ta yi rawa daga ƙofar tiyata har ƙarshen baranda, da takalmin robar aiki a ƙafarta. Babbar nas ta fito ta ce nan asibiti ne, sannan ta ɗan taka ita ma.

Bayan kwana uku Shugaba da Lauya suka zo barka, suka haɗu a bakin gado, kowacce da ƙullin kayan jarirai. Suka yi wa jaririya addu'a, suka yaba hancinta, suka yi musu a kan wadda za ta fara ɗaukarta. Da za su tafi sai suka biya ɗakin jini tare, don akwai tambayar da ta hana su sukuni. Suna son su san daga wane layi ledar ta fito.

Sista ta buɗe rajista ta bi da yatsa. Mutumin ba ya cikin jerin kowa. Direban motar da ta kawo kujerun haya ne. Yana jiran a tashi ya kwashe kayansa, ya ga ana raba lemo, ya shiga layi.