Ban San Ko Ayuba Ne Ba

Ranar Alhamis ce, ƙarshen damina. Na tashi da carar zakara, na hura wuta, na ɗora ruwan kunu. Mijina Bulus yana zaune a gindin rumbu yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, don ƙafafunta sun daina kai ta gona. 'Yarmu Rahila ba ta farka ba.

Ƙauyenmu yana yankin Gayam, daji ya kewaye shi. Mu Gbagyi ne, muna zaune da maƙwabtanmu Hausawa, coci a wannan gefe, masallaci a wancan. Waya ba ta kamawa sai a kan dutsen bayan gari. Duk ranar da aka ji motsin 'yan bindiga, Bulus ne yake hawa dutsen ya kira sojoji. Ba a faɗin wannan a fili. Mutane kaɗan ne suka sani, kuma yawancinsu 'yan cocinmu ne.

Rana ta fara fitowa sai Ayuba ya leƙo. Abokin Bulus ne tun suna yara, tare suke cikin mawaƙan coci. Sana'arsa ɗiban zuma. Shi kaɗai yake shiga cikin daji ya dawo lafiya, kuma mata sun daɗe suna ƙus-ƙus a kan haka a bakin rafi. Ya gaida Iya, ya ƙi zama. Ya tambayi Bulus ko yau yana gida ne ko zai tafi gonar doya. Bulus ya ce sai bayan azahar zai fita. Ayuba ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya juya. Na miƙa masa kunu, bai karɓa ba.

Da hantsi muka ji ƙarar. Ta fara kamar injin niƙa daga nesa. Sai ta yi yawa, ta rarrabu, ta zo ta gabas da arewa lokaci guda. Karnuka suka ɗauki haushi. Wata mata ta ƙwala ihu daga wajen rijiya. Sai harbi.

'Yan bindigar ba su tsaya a gidajen bakin gari ba. Kai tsaye suka nufo layinmu. Na ji wani yana ihu da Hausa, "Ina Bulus? Ina mai kiran soja?"

Bulus ya fasa dangar bayan gida da ƙafa. Ya ɗora mini Rahila a baya, ya ɗauki Iya ya ajiye ta a bakin gonar dawa. Ya ce mu shiga ciki, kada mu waiwayo. Na riƙe rigarsa, ya ɓamɓare hannuna. Ya ce idan ba su gan shi ba za su bi mu cikin dawar. Ya koma ta ƙofar gida.

Na ja Iya a ƙasa har dawa ta rufe mu. Na toshe bakin Rahila da zanena. Na ji sun ce, "Kwanta!" Na ji muryarsa sau ɗaya, sunan Yesu ya kira. Bayan haka bindiga ta yi ƙara sau biyu.

Daga inda muke kwance ina hangen ƙarshen layin ta tsakanin karan dawa. Wuta ta kama gidanmu, ta kama na maƙwabta, ta kama rufin coci. Gidan Ayuba yana tsaye, ba hayaƙi. Na gan shi jikin katangarsa. Wani babur ya zo wucewa da mutum uku a kai. Na bayan ya juyo ya dube shi, bindiga a hannu. Bai harba ba. Suka wuce. Abin da na gani ke nan, ban ga fiye da haka ba.

Rana ta take tsaka lokacin da dawa ta motsa kusa da mu. Ayuba ne. Ya ce kada mu bi hanyar mota, sun tsare ta. Bai tambaye ni Bulus ba. Ya durƙusa ya goya Iya, ya ce in biyo shi. Na tsinci wani tsohon lauje a kunya, na soke shi a ƙuguna.

Ya nufi daji da mu, ba titi ba. Duk inda hanya ta rabu biyu ba ya ko tsayawa tunani. Ina bayansa ina kallon ƙeyarsa. A raina na ce dabar 'yan bindigar zai kai mu, ya miƙa mu da hannunsa. Na tambaye shi matarsa da yaransa. Ya ce tun Talata suka tafi gidan iyayenta. Na riƙe wannan ma a raina.

Muka ƙetare rafi, ruwa har ƙirjina. Rahila ta daina kuka, sai numfashi take yi da sauri a wuyana. Sau biyu muka ji babura, muka kwanta cikin ciyawa.

Wajen la'asar muka tarar da wani dattijon Bafulatani a gindin ɗorawa, da 'yan tumaki kaɗan. Ayuba ya sauke Iya ya je wurinsa. Suka yi magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, wanda ba na ji. Hannuna yana kan laujen. Dattijon ya kawo mana nono a ƙwarya. Ya ce shi ma yaran dajin sun kwashe masa shanu bara. Na bar Ayuba ya fara sha kafin in ba Rahila.

Muka kwana a cikin wani kwazazzabo. Ban runtsa ba. Gari na wayewa muka fito kan kwalta. Gadon bayan Ayuba ya sale, jini ya manne masa riga. Wata motar itace ta tsaya ta kwashe mu zuwa Birnin Gwari.

A harabar wani coci cikin gari aka sauke mu. Mutanen ƙauyenmu suka riƙa isowa, wasu ba takalmi, wasu ba 'ya'yansu. Kafin mako ya zagayo, magana ɗaya ake yi a ko'ina. Wa ya ba su sunan Bulus? Ba baƙo ne ya san maganar dutse ba. Mutanen da suka yi shekaru suna waƙa a benci ɗaya suka koma kallon juna ta gefen ido. Idan mutum ya matsa gefe ya amsa waya, sai a bi shi da kallo. Sannu a hankali duk idanun suka taru a kan Ayuba. Ba wanda yake cin abinci da shi. A bayan ɗakin janareta yake kwana shi kaɗai.

Ni ban faɗa wa kowa abin da na gani ba. Amma ina juya shi dare da rana: tambayar da ya yi da safe, kunun da ya ƙi, iyalinsa da suka tafi tun Talata, mutumin babur da bai harba ba. Wani lokaci sai in tuna jinin bayansa. Sai in ce mai laifi ma yana iya goya tsohuwa don ya rufe bakin mutane.

Kowace safiya muna yin Addu'ar Ubangiji tare a harabar. Idan aka zo wurin da muke roƙon Allah ya gafarta mana kamar yadda mu ma muke gafarta wa wasu, sai in yi shiru. In jira a wuce, in ci gaba. Ranar da aka yi Jibin Ubangiji, masu bi suka fita karɓar gurasa da ruwan inabi, ban tashi daga wurina ba. Fasto ya lura, bai matsa mini ba.

Wata safiya na sa Rahila ta yi addu'ar ita kaɗai. Ta fara daidai. Da ta zo wannan wurin sai ta yi shiru, ta ɗan jira, ta ci gaba. Na tambaye ta me ya sa ta tsallake. Ta ce ai haka ake yi, haka nake yi kullum.

A makon nan Dauda, ƙanin Bulus, ya zo da wasu 'yan sa-kai biyu. Sun tsaya a bakin ƙofar harabar da bindigoginsu na gida. Dauda ya ce an gaya masa ina cikin dawa ranar, dole na ga wani abu. Ya ce kalma ɗaya suke jira daga bakina a kan Ayuba. Kowa ya san infoma, mai kai wa 'yan bindiga labari, idan 'yan sa-kai suka shiga daji da shi ba ya dawowa. Na ce su ba ni zuwa gobe.

Na gaya wa Iya komai, tun daga tambayar safe har mutumin babur. Ta ce ita ma tana goye a bayan Ayuba tana zarginsa, har ta yi tunanin shaƙe shi a tsakiyar rafi. Sannan ta ce, "'Yata, ɗana ba zai tashi ba. Idan suka kashe wannan a kan maganarki, da wane baki za mu sake roƙon Allah wani abu, ni da ke?"

Da yamma na sami Ayuba a wurin famfo yana wanke rigarsa. Ya rame. Na tsaya nesa da shi. Na ce ya dube ni ya gaya mini ko shi ne.

Ya ce a farkon damina 'yan bindiga sun kama shi a wurin amyarsa. Sun ɗaure shi a itace, sun dake shi tun safe har faɗuwar rana. Suna tambayarsa wa yake kiran soja. Ya ɗaga rigar ciki ya nuna mini tabo a haƙarƙarinsa.

"Ka faɗa musu?"

"Maman Rahila, ban sani ba. Na suma, na farfaɗo, na sake suma. Ban san abin da bakina ya faɗa ba. Kullum ina ƙoƙarin in tuna."

Na tambaye shi safiyar Alhamis. Ya ce ya ga tarin babura a daji ranar Litinin, shi ya sa ya tura iyalinsa. Ya zo ne ya ce wa Bulus ya bar gari. Sai ya ji tsoro, idan ya faɗa za a tambaye shi ina ya sani. Ya juya ya tafi.

Ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Tabon gaskiya ne, amma tabo ba ya nuna abin da mutum ya ce. Ko da bai ba da sunan ba, ya tsare nasa yaran ya bar tawa. Na tsaya ina jin zuciyata tana tafasa. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Amma na san ba zan iya komawa in koya wa Rahila addu'ar nan cikakkiya ba alhali na riƙe shi.

Na ce, "Ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, na yafe maka. Saboda Yesu, ba don na yarda da kai ba."

Ya zauna a cikin ruwan da ya kwanta gindin famfo, ya rufe fuska. Na tafi na bar shi.

Washegari Dauda ya dawo da mutanensa. Ban yi masa ƙarya ba. Na ce na ga gidan Ayuba bai ƙone ba, na ga an wuce shi ba a harba ba. Na ce ban ji ya kira sunan kowa ba, ban ga ya nuna gidan kowa ba. Na ce jinin mijina ne, ni kuma na yafe, ba zan sa bakina a jinin wani ba. Iya ta ja jiki ta zauna kusa da ni. Fasto ya tsaya a ƙofa. 'Yan sa-kan suka dubi juna, suka ce ba za su ɗauki mutum a kan zato ba idan matar mamaci ta ƙi. Dauda ya ce na sayar da yayansa. Ya tofar da yawu ya fita.

Ayuba ya bar garin a makon. An ce yana wajen Kaduna yana dako. Ranar Lahadin da ta biyo baya na tashi na karɓi Jibin Ubangiji. Zargin bai tafi ba. Wasu ranaku nakan farka da tabbacin shi ne, sai in sake yafewa kafin in ɗora ruwa a wuta. Wasu ranaku kuma in ce na kusa sa a kashe mara laifi.

Yanzu muna haya a ɗaki ɗaya a unguwar Magajin Gari, nan Birnin Gwari. Ina soya ƙosai a bakin hanya. Iya ta rasu a bazarar da ta biyo baya, ba ta sake ganin gida ba. Dauda ba ya amsa gaisuwata, matarsa ma ta daina turo yaransu. Ƙauyenmu ciyawa ta cinye shi.

Mazan da sojoji suka raka su ne suka binne Bulus, tare da wasu mutum huɗu, a bayan makarantar firamare. Ba a bar mata su je ba. Sun ce nasa ne na biyu daga gabas. Har yau ban ga wurin ba.