Ranar da Baba Cokali Bai Ɗaga Hannu Ba

Baba Cokali ake ce masa, saboda wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu kamar cokali, da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa. Kafin a fara kowace waƙa sai ya ciro shi, ya buga a gwiwa, ya kai kunne, sannan ya ba kowane layi muryar da zai ɗauka. Tun yana saurayi yake koyar da waƙa a makarantar firamare, da yamma kuma ya koyar da ƙungiyar mawaƙan unguwa, inda tela da direba da matan kasuwa suke zama a benci ɗaya suna shan faɗansa.

A wancan zamani babu lasifika. Idan na bayan ɗaki bai ji ka ba, laifin huhunka ne. Dokokinsa biyu ne, ba ya sassauta su ga kowa: ba mai buɗe baki sai hannunsa ya tashi, kuma wanda ya buɗe baki dole sauti ya fito. Wasu malamai, in gasa ta zo, sukan ce wa yaro mai muryar kwaɗo ya riƙa motsa leɓe kawai. Shi kuwa ƙyamar wannan yake yi kamar ya ga ƙuda a ruwan sha. Yakan ce, "Gara muryarka ta kauce in ji in gyara, da ka tsaya min kana hamma kamar kifi."

Bayan ya yi ritaya, wata tsohuwar ɗalibarsa ta zo gida da mota. Tana ƙarama ya sa mata suna Kanari don zaƙin muryarta, yanzu kuwa ta buɗe makarantarta ta kanta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce manyan baƙi za su zo bikin ba da kyaututtuka, tana so ya shirya mata yara su rera waƙar maraba.

Da ta tafi matarsa ta ce, "Malam, ka ga yadda kake washe baki? Ko ranar aurenmu ban ga haƙoran nan duka ba."

"Ranar aurenmu 'yan'uwanki ne suka yi waƙa," in ji shi. "Wa zai yi dariya?"

Yaran ya same su kamar 'yan tsaki, kowa da kukansa. Ya sa suka ture tebura gefe, ya jera su bisa tsawo, ya koya musu ɗora hannu a ciki su ji numfashi yana shiga. Yana bin bayan layi yana kai kunne kusa da ƙeyar kowa. Makonni suka wuce, muryoyin suka fara kama juna. Ba su kai na zamanin Kanari ba, amma nasu ne, kuma sun iya kallon hannu: ko ƙofa aka buga ba sa ɗauke ido daga kansa.

Ranar bikin ya iso da safe cikin riga mai guga. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, wani mai baƙin tabarau yana ta jan wayoyi tsakanin manyan lasifikoki. Kanari ta ja shi gefe.

"Baba, ka san iyaye suna kallon inda za su kai 'ya'yansu. Mun sa ƙwararru sun rera waƙar, an ɗauka. Ita za a saka a lasifika, yara su bi da baki kawai. Kai kuma ka kaɗa hannu yadda ka saba."

"Su bi da baki."

"Ba sauti, Baba, kada su ɓata."

Ya dube ta har ta kawar da kai. "To me ya sa kika ɗauko ni, 'yata? Ki kafa sanda mana, ki ɗaura mata tsumma."

Ta yi dariya. "Furfurarka tana kyau a hoto, Baba."

Da aka kira su ya fita gaban yaran, ya tsaya, ya haɗa hannuwansa biyu a baya.

Mai tabarau ya danna na'ura. Waƙa ta ɓarke, sumul kamar an shafa mata mai, muryoyin manyan mata masu ƙanƙance murya su zama yara. Yaran kuwa idonsu na kan hannun da bai tashi ba, bakin kowa a rufe gam. Kanari tana gefe tana ta yi musu alama, ba wanda ya dube ta.

Baba Cokali ya juya kaɗan yana jiran wani ya lura. Kunyar nan ita yake so ta sauka a kan kowa, har da shi. Babban baƙo yana latsa waya. Na kusa da shi yana fama da murfin kwalba. Iyaye sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar 'ya'yansu, suna kallon rufaffun bakuna suna gyaɗa kai. Waƙar ta ƙare, tafi ya cika rumfar.

Babban baƙo ya taso ya kama hannunsa. "Malam, ban taɓa jin yara masu murya irin wannan ba." Baba Cokali ya jira har baƙon ya juya, sannan ya goge tafinsa a gefen riga. Bai tsaya cin abinci ba.

A gida matarsa ta tambaye shi, "Yaya, sun rera?"

"An dai tafa," ya ce, ya nemi ruwa ya kuskure baki.

Da yamma ya tafi wurin mawaƙan unguwa. Ya buga ƙarfensa a gwiwa, ya ɗaga hannu. Tela, wanda ya yi shekara da shekaru yana shan zagi saboda kaucewa, ya kauce tun a layin farko, da muryarsa mai kama da tsohuwar ƙofa. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa.

"Wa ya ce ka tsaya?" in ji Baba Cokali. "Ɗaga murya, tela, in ji ka sosai."