Gadon da Saminu Ya Sayo wa Tagwayen Rakiya

Rakiya 'yar Dareta ce, a ƙasar Anka. Mahaifinta manomin gero da dawa ne, kuma tun tana budurwa aka san ta da ƙarfin hannu. In ta kama taɓarya, maƙwabta daga bayan katanga sukan gane dakanta ne. Ta auri Saminu, ɗan unguwarsu, suka haifi yara biyu, Anwar da ƙanwarsa Surayya.

Sai zinari ya bayyana a yankin. Maza suka bar gona suka faɗa ramuka, suna cika buhuna da dutse suna kawowa gida. Mata na dakawa, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Rakiya ta fi kowace mace a layinsu daka, har matan wasu na kawo mata nasu. A shekarar 2010, kafin ruwa ya sauka, yaran garin suka fara amai da suma. Surayya ce ta fara tafiya, bayan kwana tara Anwar ya bi ta. Daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen. Aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, amma gidan Rakiya ya riga ya zama wayam.

Ita ma gubar ba ta ƙyale ta ba. Wuyan hannayenta biyu suka saki. Tana iya riƙe kofi, tana iya ƙulla gishiri a leda, amma abu mai nauyi sai ya sulluɓe mata ba ta sani ba. Suka tashi suka koma cikin garin Anka, suka kama ɗaki biyu. Ta shiga sayar da kayan miya a gida, kuka da daddawa da barkono. Saminu ya samu aiki a wajen injin niƙa dutse a Bagega, yana yin kwana huɗu ko biyar can kafin ya dawo. Duk ranar da zai dawo sai ya yi wanka a can, ya bar kayan aikinsa a can, don ya yi rantsuwa ƙurar dutse ba za ta ƙara shiga gidansa ba.

Cikin shekara goma sha huɗu ta yi ɓari sau huɗu. Ta daina zuwa suna, sai dai ta aika da abin da ya samu. Da ta sake samun ciki ba ta gaya wa kowa ba sai da ya fito. Wannan karon ya zauna, ta haifi 'yan biyu mata a asibiti, ƙanana ƙwarai amma da ransu. Aka sa musu Amira da Mubina.

Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, ta zo daga Dareta don wankan jego. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, kuma ta ce in an yi arba'in za ta koma, don ta bar mijinta ba lafiya. Ran kwana na goma sha biyu da haihuwar Rakiya ta sunkuya za ta goya Amira. Ta ɗaga ta za ta ɗora a baya, hannun ya saki. Allah ya sa katifa na ƙasa. Yarinyar ta tsala ihu, 'yar'uwarta ta ɗauka, ita kuwa Rakiya ta zauna daɓas tana kallon tafukanta. Saminu na bakin ƙofa, ya ga komai. Ya juya ya fita.

Ƙanwarsa Bilki, wadda ke aure a Gusau, ita ta nuna masa abin a waya ranar da ta zo barka. Wani gadon jarirai ne mai aiki da lantarki. In jariri ya yi kuka gadon na ji, sai ya fara jijjiga shi da kansa yana fitar da wani sauti kamar na ruwan sama a kan kwano. In kukan ya ƙaru, jijjigar ta ƙaru. Har ta waya yake gaya wa mutum tsawon barcin da yaro ya yi. A watan nan ramin da suke niƙa wa dutse ya ba da zinari sosai, rabon Saminu ya fi na kowane lokaci. Mutane suka ba shi shawara ya sayi babur ko fili. Shi kuwa ya hau mota, ya bi hanyar da kowa ke bi da addu'a saboda 'yan bindiga, ya tafi Kano. A wani shagon kayan gwanjo na waje ya samu guda ɗaya. Ya haɗo da ƙaramin faifan sola da batiri, ya dawo ran kwana na uku da ƙaton kwali a ka.

Inna ta zagaya gadon tana dafe da gwiwa.

"Wanga abu shi za ya yi renon ɗiyan?"

"Taimako kawai za shi yi, Inna," in ji Saminu. "In kin tahi, wa za ya kama mata? Ga hannunta kin gani."

"Guda ka sawo, ɗiya kuwa biyu."

"Guda na iske. Mai shagon ya ce na yaro guda ne, sai a riƙa yi musu bi da bi."

Rakiya ta matso kusa. Ta shafa farin yadin da ke zagaye da gadon, ta ji taushinsa. Aka kwantar da Amira tana kuka, aka naɗe ta cikin 'yar rigar da ke maƙale da gadon. Sai ga shi ya motsa, a hankali, hagu da dama. Kafin a tafasa ruwan shayi yarinyar ta yi barci. Rakiya ta sa haɓar zani ta rufe fuska. Saminu ya ɗauka dariya take yi.

Labari ya bazu a unguwa. Mata suka riƙa zuwa sayen daddawar da ba su buƙata don su leƙa gadon da ke jin kuka. Wasu suka ce aikin aljanu ne, wasu suka ce Saminu ya haukace da kuɗin zinari. Gaskiyar magana, gadon ya yi amfani. Bayan Inna ta koma, Rakiya kan kwantar da ɗaya a ciki ta rungume ɗaya a cinya, ta samu ta ci abinci da zafinsa, ta yi salla a kan lokaci. Jikinta ya fara dawowa. Shi kuma Saminu, in an dace da sabis a Bagega, yakan buɗe waya ya nuna wa abokan aikinsa.

"Ku duba, awa uku ke nan tana barci."

Amira mai rigima ce, in ba a jikin uwa ba ba ta yarda. Mubina kuwa ba ta da fitina. Kukanta siriri ne, gadon na jijjiga ta sau biyu sai ta yi shiru. Don haka a hankali, ba tare da kowa ya shirya ba, gadon ya zama na Mubina, cinya ta zama ta Amira.

Suna da wata uku da 'yan kwanaki, wata Talata da safe, Mubina ta ƙi kama nono sosai, ta ɗan yi tumbuɗi. Rakiya ta taɓa goshinta ta ji ba zafi, ta kwantar da ita. Ranar masu saye suka yi ta sallama, Amira kuma ta tashi da kukan ciki. Sau uku ko huɗu Rakiya ta ji siririn kukan daga ɗaki, ta ji gadon ya amsa, ta ji shiru. Da azahar Saminu ya kira yana murna.

"Yau Mubina ta yi abin kai. Awa biyar in ji waya."

Tana riƙe da wayar a kunne ta ankara. Awa biyar jaririya ba ta nemi nono ba. Ta ajiye Amira a tabarma ta faɗa ɗaki. Gadon na ta kaiwa da komowa da sautinsa na ruwan sama. Mubina na ciki, idanunta a buɗe sun juye sama, ɗan bakinta na motsi, 'yan yatsunta sun dunƙule. Rakiya ta san wannan kallon, ta gan shi sau biyu a Dareta. Ta kai hannu za ta zuge rigar gadon, yatsunta suka ƙi. Da haƙori ta ja zif ɗin. Ta tallabo yarinyar da damatsanta ta fito ba ko mayafi, tana kiran maƙwabciyarta ta ɗauko Amira.

A asibiti aka yi wa Mubina allura, sumar ta lafa, ta dawo, ta sake lafawa. Da aka ji Rakiya 'yar Dareta ce, aka ɗebi jinin su ukun, ita da 'yan biyun. Saminu ya iso bayan la'asar a kan babur ɗin wani, ƙura har gashin ido. Ya tsaya daga waje ya ƙi shiga ɗakin sai da ya samu ruwa ya wanke jikinsa aka ara masa riga.

Washegari wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa mai magana a hankali, ta zaunar da su. Ta ce akwai dalma a jinin su ukun, na Mubina ya fi yawa.

Saminu ya miƙe tsaye. "Wallahi ko takalmina ban taɓa shigowa da shi gida ba."

"Na yarda," in ji ta. "Mai yiwuwa ba daga gare ka ba ne. Wannan guba takan kwanta a ƙashin mutum shekara da shekaru. In mace ta samu ciki sai ta taso ta shiga jini, ta kai ga abin da ke cikin."

Rakiya ta ɗago kai. "Daga jikina ke nan."

"Daga dutsen ne, baiwar Allah. Ke ma shigar ki ta yi."

"To gadon fa?" in ji Saminu. "Da ba ta ciki, da an gane da wuri?"

Matar ta dube shi. "Gado bai sa mata ciwo ba. Da an kawo ta da safe, da mun fi samun sarari. Ko da hakan zai canza wani abu, Allah kaɗai ya sani. Ba zan yi muku ƙarya ba."

Mubina ta cika ran Alhamis da hantsi. Aka rufe ta kafin azahar.

Da masu gaisuwa suka watse, Saminu ya shiga ɗaki ya jawo gadon zuwa tsakar gida, ya ɗauko gatarin faskare. Rakiya ta fito ta tsaya tsakaninsa da shi.

"Aje," ta ce.

"Ni na sawo shi. Ina can ina nuna ma mutane waya, ita ko tana nan tana..."

"Ni ina gidan, Saminu. Da kunnena na ji ta. In ka fasa shi, gobe in za ni kewaye, ina zan aje Amira? Hannun nan bai warke ba."

Ya jingine gatarin ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta.

Aka ɗora Amira a kan magani, aka ce Rakiya ta dakata da shayarwa har nata jinin ya sauka. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Nono na cika yana zuba, yarinya na kuka tana laluben ƙirjinta, ita kuwa tana dama madarar gwangwani tana ba ta da cokali. Ta ci gaba da kwantar da ita a gadon, amma ta ja shi kusa da tiren kayan miyanta. Da Amira ta yi ɗan motsi sai ta kashe shi ta duba idonta, ta taɓa cikinta, kafin ta bar shi ya ci gaba. Saminu ya goge abin da ke nuna masa barcin yaran daga wayarsa. Bayan sati biyu ya koma Bagega, don babu wani aikin da zai ciyar da su.

Da Amira ta kai wata shida ta fara yunƙurin juyawa, gadon ya yi mata kaɗan. Wata amarya a layinsu da ta haihu ta aiko a ba ta aro. Rakiya ta je da kanta ta zauna da ita, ta ba ta labarin ranar Talatar nan daga farko har ƙarshe, sannan ta ce in har yanzu tana so ta aiko a ɗauka. Ba ta aiko ba.

Yanzu Amira ta haura shekara guda. Ba ta fara tafiya ba, ba ta kuma fara kiran kowa ba, ko da yake tana dariya in an yi mata wasa. A asibiti sun ce a ba ta lokaci, ba su yi alkawarin komai ba. Duk ranar awo Rakiya kan rufe kayan miyanta da faifai, maƙwabciyarta ta ɗora mata yarinyar a baya ta ɗaure mata zanin da kyau, ta kama hanya a ƙasa. In ta iske wata 'yar ƙauyensu da ciki a layin asibiti, takan matsa kusa da ita ta ce ta roƙi a auna mata jini tun kafin ta haihu.