Jinin da Muka Kira Basir

Duk inda na ji warin dafaffiyar bagaruwa, Baba nake tunawa. Da ita Inna take haɗa masa ruwan zama a bayan ɗaki, wai maganin basir. Mu yara a Dakoro iyakar abin da muka sani ke nan.

Ka ga Baba, kullum da safe sai ya zagaya garke yana duba kashin awakinsa. Ya ga na wata ya sake, ranar nan za ta sha magani. Amma nasa cikin? Ina! Babban mutum ba ya wannan zance. Damina ta wuce, kaka ta zo, yana ta ɗaukar buta yana ramewa, har ya daina zuwa kasuwar Kornaka.

Da ƙyar aka kai shi asibitin Maradi, daga can aka tura mu na Yamai. Lokotoro ya zura siririn tiyo mai kamara ta dubura, ya gutsuro tsoka aka auna, aka kuma ɗauki hoton ciki. Sankarar hanji ce, mataki na huɗu, ta riga ta kai hanta. Lokotoron ya ce mu 'ya'yan Baba in mun manyanta mu zo a duba mu ko muna lafiya, don takan bi jini. Baba bai ga wata daminar ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Ni tuni na je aka duba ni. Yayanmu kuwa, da furfurarsa, ya kafe.

"Ni za a zura ma tiyo? Lafiyata lau, ku ƙyale ni!"

Bara Inna ta kira shi gabanmu, ita da ko sunansa ba ta faɗa don ɗan fari ne.

"Ni na wanke wandunan ubanku. Na ga jinin, na yi shiru. Ba ni ƙara yin shiru. Tashi ka shiga mota."

Ya tashi kuwa. Aka tarar da ɗan tsiro kamar ƙwayar wake, aka cire tun bai zama sankara ba.

Yanzu ana iya kama ciwon nan da wuri, in dai mutum ya yarda a duba. Yaya dai har gobe in an tambaye shi cewa yake ido aka duba masa a Yamai. Amma bana shi da kansa ya tasa ƙanenmu gaba har tasha, sai Yamai.